Tarihin Isaac Newton, Malamin Da Ya Auna Ƙarfi Da Inda Ya Dosa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya suka faɗa kuwa. Amma akwai sauran magana a baya, domin ko hannu 10 ne ba za su ɗauke ta ba in 5 suna ɗagawa sama, 5 suna dannawa ƙasa. Watau yawan ƙarfi shi kaɗai ba ya biyan bukata, sai an san inda kowane ƙarfi ya dosa. Wannan abu kowane magini da mahauci da mai tura amalanke a cikin birnin Kano ya san shi a hannunsa, ko da bai taɓa shiga aji ba. To, akwai wani malami da ya ɗauki wannan sani na hannu ya mai da shi ƙa'idar lissafi, ya rubuta a littafi, har ya nuna cewa bisa wannan ƙa'ida ce Allah ya tsara tafiyar wata da taurari. Sunansa Isaac Newton, mutumin Ingila. Isaac ɗin nan kuwa shi ne Ishaku a bakinmu. Tarihinsa za mu kawo wa masu karatu yau, tare da bayanin abin da ya gano, gwargwadon yadda fili ya ba mu.

MARAYA TUN DAGA CIKI

An haifi Newton ran 25 ga Disamba 1642 bisa tsohon lissafin kwanan wata na Ingila, watau 4 ga Janairu 1643 bisa lissafin da a ke bi yanzu. Garinsu wani ɗan ƙauye ne, Woolsthorpe, a lardin Lincolnshire. A wannan zamani Sarki Kutumbi ne ke bisa gadon sarautar Kano. Uban Newton manomi ne mai gona da garken tumaki, yana da rufin asirinsa, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya rasu wata 3 kafin a haifi ɗansa. Yaron kuma ya zo duniya kwanakinsa ba su cika ba, ɗan mitsitsi, har waɗanda suka gan shi ba su sa rai zai rayu ba.

Yana da shekara 3 uwarsa Hannatu ta sake aure. Ta auri wani dattijo limamin coci mai suna Barnabas Smith, ta tare a gidansa, ta bar yaron a hannun kakarsa. Wannan rabuwa ta yi masa ciwo ƙwarai, masu rubuta tarihinsa da yawa kuwa suna ganin daga nan ne ya samo halin kaɗaici da saurin zargin mutane, halin da bai rabu da shi ba har tsufa. Sai a 1653, da Smith ya mutu, sa'an nan uwar ta komo gida da 'ya'ya 3 da ta haifa can.

Da ya kai shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, aka sauke shi gidan wani mai haɗa magunguna. A makaranta Latin a ke koya musu, harshen da malaman Turai ke rubutu da shi a lokacin, kamar yadda malamanmu ke rubutu da Larabci. In an tashi, sauran yara su tafi wasa, shi kuwa ya ɗauki zarto da guduma. Ya ƙera ɗan ƙaramin injin niƙa mai juyawa da iska, ya yi agogon ruwa, ya kuma zana agogon rana a jikin bango, yana gane lokaci da inuwa.

An ruwaito cewa a 1658 aka yi wata gawurtacciyar guguwa a Ingila, jama'a suka shige ɗaki. Yaron nan sai ya fita fili ya ba iska baya ya yi tsalle, ya auna nisan da ya kai. Ya juyo ya fuskance ta ya sake tsalle, ya auna. Daga baya ya gwada su da tsallen da ya kan yi ranar da babu iska. Ƙarfin ƙafarsa ɗaya ne a tsallen duka, abin da ya sake shi ne inda iska ta dosa, sau ɗaya ta ƙara masa, sau ɗaya ta rage masa. Yana ɗan shekara 15 ke nan ya fara taɓa maganar da za ta zama aikin rayuwarsa.

A 1659 uwarsa ta fid da shi daga makaranta domin ya riƙe gonar ubansa. Ashe ba a yi shi domin noma ba. In an aike shi kiwo sai ya zauna gindin shinge da littafi, dabbobi su bazu, har aka taɓa cin sa tara saboda ɓarnar da suka yi. Babban malamin makarantarsu, Henry Stokes, da kawunsa William Ayscough suka yi ta roƙon uwar har ta haƙura ta mai da shi karatu. A watan Yuni 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kembirij. Ya shiga ne cikin ɗaliban da ke yi wa masu hali hidima, su kai musu abinci, su yi musu aike, a rage musu kuɗin karatu.

SHEKARUN ANNOBA

Ya sami digirinsa na fari a 1665. A wannan shekara wata muguwar annoba ta faɗa wa Landan ta kashe dubban mutane, aka rufe jami'a, kowa ya nufi gida. Newton ya koma Woolsthorpe, yawancin shekara 2 ɗin da suka biyo can ya yi su, shi kaɗai da takardunsa. Cikin wannan zama ya aza harsashin manyan abubuwa 3. Na fari, wani sabon lissafi na abin da ke sakewa kullum ba tsayawa, kamar saurin dutsen da ke faɗowa, shi ne a ke kira kalkulas yanzu. Na biyu, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai gefe 3, ya nuna cewa farin haske haɗin launuka ne, irin waɗanda mu ke gani a bakan gizo bayan ruwa. Na uku, ya fara tunanin ƙarfin da ke janyo kome zuwa ƙasa.

Labarin tuffa da kowa ya sani daga bakinsa ya fito, ya ba abokinsa William Stukeley a 1726, yana tsoho. Bai ce ta faɗo masa a ka ba, wannan ƙarin masu ba da labari ne. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, me ya sa kullum 'ya'yan itace ke faɗowa sak zuwa ƙasa, ba su karkata gefe, ba su tashi sama? Lalle abin da ke jan su yana da wurin da ya dosa, watau tsakiyar ƙasa. In kuwa janyowar nan ta kai ƙolin itace, me zai hana ta kai ga wata?

Da aka buɗe jami'a ya koma a 1667. A 1668 ya ƙera madubin hangen taurari na sabon salo, mai tattara haske da madubi mai lanƙwasa, da hannunsa ya narka ƙarfen ya goge shi. A 1669 malaminsa Isaac Barrow ya sauka daga kujerar shehun malamin lissafi, aka ba Newton, yana da shekara 26. A 1672 ƙungiyar masana ta Landan da a ke kira Royal Society ta karɓe shi, ya aika musu bayaninsa bisa haske. Wani babban masani, Robert Hooke, ya soki bayanin. Newton kuwa ba ya jure suka, ya yi fushi ya ja jiki, ya yi shekaru yana ɓoye abin da ya gano.

WAƊANDA SUKA RIGA SHI

Ba daidai ba ne mu bar masu karatu su zaci shi ne farkon wanda ya lura cewa motsi yana rabuwa fuska fuska. Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manazir yadda abin da aka jefa a karkace ya bugi bango motsinsa kashi 2 ne, ɗaya mai dosar bangon kai tsaye, ɗaya mai bin tsawonsa, da haka ya fassara yadda haske ke komowa daga madubi. A 1586 Simon Stevin, wanda ya yi aikinsa a ƙasar Holan, ya nuna yadda nauyi ke rabuwa bisa gangare. A 1638 Galileo na Italiya ya nuna cewa harsashin igwa tafiya 2 ya ke yi a lokaci guda, yana ci gaba, yana kuma faɗowa, haɗuwarsu ce ke ba da lanƙwasar nan da mu ke gani. Hooke ɗin nan ma, abokin gabarsa, ya rubuto masa wasiƙa a 1679 yana ba da shawara a ɗauki tafiyar taurari a kan haɗin tafiya miƙe da janyowa zuwa tsakiya. Sai dai Hooke ba shi da lissafin da zai tabbatar da maganar, Newton kuwa yana da shi.

A watan Agusta 1684 wani saurayi masanin taurari, Edmond Halley, ya tafi Kembirij ya tambaye shi wace irin hanya tauraro zai bi in rana tana jan sa da ƙarfin da ke raguwa bisa ninkin nisa cikin kansa. Nan take Newton ya amsa cewa hanyar za ta zama kewaye mai siffar ƙwai, ya ce ya riga ya lissafa. Ya nemi takardar bai gani ba, ya yi alkawari zai sake. A watan Nuwamba ya aika da 'yan shafuka, Halley ya karanta ya ga abin ya wuce misali, ya matsa masa ya rubuta littafi sosai. Newton ya duƙufa fiye da shekara 2, ya kan manta da abinci, barci kuwa sai kaɗan. A 1687 littafin ya fito da Latin, kashi 3, a kan taƙaita sunansa a ce Principia. Ƙungiyar masana ba ta da kuɗin bugawa, domin ta riga ta kashe abin da ke hannunta wajen buga wani littafi na tarihin kifaye, Halley ne ya biya daga aljihunsa. A Kano a sa'an nan zamanin Sarki Dadi ne.

ABIN DA LITTAFIN YA KOYAR

Newton ya kafa littafin bisa dokoki 3. Ta fari, abin da ke tsaye zai zauna tsaye, mai tafiya kuma zai ci gaba miƙe da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya sake masa hali. Shi ya sa in direba ya taka birki farat ɗaya fasinja su kan rungumi na gabansu. Ta biyu, sakewar motsi gwargwadon ƙarfin da aka sa ne, kuma ta fuskar da ƙarfin ya dosa ta ke aukuwa. Ta uku, duk abin da ya tura wani, shi ma an tura shi daidai wa daida ta fuskar da ke kishiya. 'Yan bindigar da ke harbi ran hawan salla sun san wannan a kafaɗarsu.

Kan maganarmu yana cikin doka ta biyu. Akwai abubuwan da adadi kaɗai ya isa a bayyana su: mudu 3 na gero da mudu 4, mudu 7 ne ko ta ina aka zuba. Ƙarfi ba haka ya ke ba. Ba a gama faɗinsa ba sai an faɗi abu 2, yawansa da inda ya dosa. Saboda haka masana su kan zana shi da kibiya, tsawonta shi ne yawan ƙarfin, tsininta shi ne fuskarsa. Nan da nan bayan dokokin nan Newton ya kawo ƙa'idar yadda a ke haɗa ƙarfi 2 da suka taru bisa abu guda.

Ga misali. Mahauta sun ɗaura wa sa igiya 2, mutum 3 sun kama ɗaya, mutum 4 sun kama ɗaya, mu ƙaddara ƙarfinsu duka ɗaya ne. In dukansu suka ja gabas, san zai ji jan mutum 7. In 3 suka ja gabas, 4 suka ja yamma, jan mutum 1 kaɗai zai ji, zuwa yamma. To, in 3 suka ja gabas, 4 suka ja arewa fa? Mai karatu ya ɗauki kara ya fita tsakar gida. Ya kafa alama, ya ja layi taki 3 zuwa gabas, ya komo alamar ya ja wani taki 4 zuwa arewa, sa'an nan ya cika zanen ya zama mai gefe 4, kowane gefe daidai da wanda ke fuskantarsa. Ya ja layi daga alamar zuwa kusurwar da ke can ƙetare, ya auna. Zai sami taki 5 cif. Watau san zai ji jan mutum 5, zuwa tsakanin gabas da arewa, ya ɗan fi karkata arewa. Mutanen su 7 ne ba su ragu ba, amma abin da ya kai ga san ya kan zama 7, ko 5, ko 1, ko wani adadi a tsakani, gwargwadon buɗewar igiyoyin.

Ƙa'idar tana aiki ta baya kuma, watau ƙarfi guda a kan raba shi kashi 2. 'Yan mata 2 da suka ɗauko bokitin ruwa tsakaninsu, in suna kusa da juna kowace rabin nauyi ta ke ɗauka. In suka ware, wani kashi na ƙarfin kowace zai tafi ga jan 'yar'uwarta gefe, abin da ya saura ne kaɗai ke ɗaga bokiti. In hannun kowace ya karkata digiri 60 daga tsaye, to kowace tana jan daidai nauyin bokitin duka, taimakon ya tashi a banza. Haka igiyar shanya, iyakar yadda aka ɗaure ta tamau iyakar yadda jiƙaƙƙen zane zai nemi tumɓuke ƙusa, kuma ba mai iya miƙe ta sak muddin da kaya a kanta. Haka kuma mai hawan Dala ko Gwauron Dutse, nauyinsa ƙasa ya dosa sak, amma gangare ya kan raba shi, kashi ɗaya ya danna shi bisa dutse, kashi ɗaya ya ja shi baya. In hawan ya yi tsaye na biyun ya kan rinjaya, shi ya sa mai kaya ya kan bi hanya a karkace.

Maginanmu na gargajiya sun daɗe da wannan ilmi. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa 6. Da su ke son soro mai faɗi sai suka ƙago baka, wanda su ma su ke kira bakan gizo. A kan jera azara daki daki daga cikin bango, kowane jeri ya ɗan ƙara sunkuyowa ciki, a ɗaure da igiya, a yaɓe da ƙasa, har na dama da na hagu su haɗu a sama. Nauyin rufi da ya so ya faɗo tsakiyar ɗaki sai baka ya karɓe shi ya bi da shi a karkace ya sauke cikin bango. Tun da ya ke a karkace ya sauka, wani kashi yana danna bango ƙasa, wani kashi yana tura shi, dalili ke nan da gindin bangon soro ya kan yi kauri haka. Wanda ya shiga Gidan Makama ko soraye na Gidan Rumfa ya ɗaga kai, ya ga wannan ƙa'ida a gine.

DAGA TSAKAR GIDA ZUWA WATA

Girman Newton shi ne da ya ɗauki ƙa'idar igiya da bokiti ya kai ta sama. Bisa doka ta fari, da babu abin da ke jan wata, da ya miƙe ya tafi abinsa. Ƙasa kuwa tana jan sa zuwa tsakiyarta. Tafiyar gaba da janyowar nan su ke haɗuwa kowane lokaci su ba da kewaye. Watau wata kullum faɗowa ya ke yi, sai dai saurinsa na gaba ya hana shi iso ƙasa.

Ya kuma gwada da adadi. Nisan wata daga tsakiyar ƙasa ya ninka nisanmu daga tsakiyarta wajen sau 60. In janyowa tana raguwa bisa ninkin nisa cikin kansa, to a can za ta ragu sau 60 cikin 60, watau sau 3,600. Dutsen da aka saki a nan ya kan faɗi ƙafa 16 cikin daƙiƙa ta fari. Bisa wannan lissafi ya kamata wata ya kauce daga miƙaƙƙiyar hanya da ƙafa 16 ɗin nan cikin minti guda. Da aka auna tafiyar wata, haka aka samu. Da wannan hanya ya bayyana tafiyar taurari masu kewaya rana, da cikowar teku da janyewarsa, da taurari masu wutsiya. Halley ya yi aiki da ita a 1705 ya faɗa cewa tauraro mai wutsiya da aka gani a 1682 zai komo wajen 1758. Ya komo kuwa a watan Disamba na shekarar, bayan su duka biyu sun mutu. A 1846 kuma masu lissafi suka lura wani ƙarfi yana jan tauraron Uranus gefe, suka bi fuskar jan da alƙalami, suka faɗi inda za a duba, aka duba aka ga Neptune.

SARAUTA DA RIGIMA

Bayan littafin sunansa ya cika Turai. A 1689 jami'arsa ta zaɓe shi wakili a majalisar dokokin Ingila. A 1693 ya yi wata rashin lafiya ta rashin barci da ruɗewar tunani, har ya rubuta wa aminansa wasiƙun zargi, daga baya ya warke ya nemi gafararsu. A 1696 ya bar Kembirij ya koma Landan, aka sa shi kula da gidan buga kuɗi na gwamnati, a 1699 ya zama shugabansa. Waɗansu sun ɗauki muƙamin wurin hutawa ne, shi kuwa ya riƙe shi da gaske. Ya tsaya bisa aikin sake buga kuɗin azurfa na ƙasar duka, ya bi masu buga jabu har gidajen giya da kurkuku yana tattara shaida, babbansu William Chaloner aka rataye shi a 1699. A 1703, shekarar da Muhammadu Sharefa ya hau gadon Kano, aka zaɓe shi shugaban Royal Society, ya riƙe har mutuwarsa. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sharefa ne kuɗin wuri ya shigo ƙasar Hausa, lokacin Newton yana can yana auna zinariya da azurfa. A 1704 ya fid da littafinsa na haske, a 1705 Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba, domin ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba. Mutum ne mai riƙo. Ya ƙi yarda Hooke ya taimake shi da kome, bai ma fid da littafin haske ba sai bayan Hooke ya mutu. Ya ɓata da John Flamsteed, masanin taurari na Sarki, har aka buga aikin mutumin ba da yardarsa ba. Mafi muni ita ce rigimarsa da Leibniz na Jamus bisa wanda ya fara gano kalkulas. A 1712 ƙungiyar da ya ke shugabanta ta kafa kwamiti ya duba maganar, Newton da kansa ya rubuta hukuncin a ɓoye, ya ba kansa gaskiya. Abin da masana suka tabbatar daga baya shi ne kowannensu ya gano nasa dabam, Newton ya riga ganowa, Leibniz ya riga bugawa.

Ya kuma ɓata shekaru masu yawa wajen binciken alkimiya, irin na masu neman mai da ƙarfe zinariya, bai sami abin da ya nema ba. Wajen addini, ya karanta littattafan Kirista na farko ƙwarai, ya kai ga ƙin aƙidar Allah uku cikin ɗaya, amma ya ɓoye, domin da ya bayyana da ya rasa kujerarsa. Bai taɓa aure ba. Ya mutu ran 20 ga Maris 1727 bisa tsohon lissafi, yana da shekara 84, aka binne shi a Westminster Abbey inda a ke binne sarakunan Ingila a wancan zamani.

ABIN DA YA BARI

Bayansa masana suka ci gaba da gyara hanyar. A shekarun 1840 William Hamilton na Ailan ya sa wa irin wannan abu mai yawa da fuska sunan da ɗalibai ke ji a aji yanzu, watau bekta. A shekarun 1880 Gibbs na Amurka da Heaviside na Ingila suka tsara lissafinsa yadda a ke koyar da shi. A 1948 taron ma'aunai na duniya ya sa wa ma'aunin ƙarfi sunan Newton, guda ɗaya kuwa daidai ya ke da nauyin abu mai giram 102, kamar ƙaramar tuffa. A 1905 da 1915 Einstein ya nuna cewa dokokin Newton suna bukatar gyara in sauri ya kusa na haske ko janyowa ta yi tsanani ƙwarai. Amma gada da bene da jirgin sama, har yanzu da lissafinsa a ke yin su.

Kano ma ta ga amfaninsa da idonta. Newton ya taɓa kawo misali cewa in aka harba igwa daga ƙolin dutse mai tsawo, aka yi ta ƙara sauri, za a kai inda harsashin zai kewaye duniya bai taɓa ƙasa ba. A 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na fari, maganar ta tabbata. A farkon shekarun 1960 Amurka ta kafa tashoshi kewaye da duniya domin bin sawun kumbonta, ɗaya a wajen birnin Kano. Ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaye duniya sau 3, ya yi magana da tashar Kano yana wucewa ta samanmu.

Kada kuma wani ya ce lissafi ba gadonmu ba ne. Newton yana da rai Katsina ta yi malami Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rubuta littafi a 1732 bisa hatimin lambobi, inda kowane jeri ke ba da jimla ɗaya ta ko'ina aka bi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Maginanmu kuma sun sarrafa nauyi da azara da ƙasa tun kafin su ji sunan wani Bature. Abin da ya rage shi ne a haɗa sanin hannu da sanin alƙalami. Soro mai hawa ɗaya ido da gwaninta sun isa, amma bene mai hawa 5 na siminti da rodi, in ba a lissafa inda kowane nauyi ya dosa ba, rayukan mutane ne a ƙarƙashinsa.

Saboda haka muna kira ga malaman makarantu, in sun zo wannan darasi kada su tsaya ga allo kaɗai. Su kawo igiya da bokiti, su kai yara Gidan Makama su nuna musu baka. Muna kuma kira ga iyaye su tuna cewa saura kaɗan Newton ya ƙare rayuwarsa wajen kiwon tumakin da bai iya ba, malaminsa da kawunsa ne suka tsaya har aka mai da shi makaranta. Duk wanda Allah ya ba yaro mai yawan tambaya da son ƙere-ƙere, ya yi haƙuri ya bar shi ya gama karatunsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.